Tablon Gulbi

Duk wanda ya saba shiga gidajen mutane a Maraɗi ya san abin da ke rataye a bangon falo. Hoton Ka'aba ko na masallacin Madina ne a sama, wannan babu gardama. Ƙasa da shi kuma sai ka ga wani tablo mai gilashi da aka sayo a kasuwa, kayan Sin: ruwa na zubowa daga kan dutse, ƙanƙara ta rufe kawunan tsaunuka, ga ɗan gidan katako a bakin tafki. Wani ma har wuta ake jona masa, ruwan ya riƙa motsi. A gidanmu akwai irinsa. Na girma ina kallonsa, ban kuma taɓa tambayar ko ƙasar su wa ce ba. Abin da ban taɓa gani a bangon kowa ba, har na haura shekara talatin, shi ne gulbin da ke kwance yamma da garinmu, wanda in ka hau kabu-kabu daga babbar kasuwa ba za ka daɗe ba ka isa bakinsa.

Shekara huɗu da suka wuce na je rumfar wani tsoho mai rubuta allunan shaguna, zan sa ya yi wa uwargidana allon shagon ɗinki. Yana haɗa fenti ina ta ƴan dube-dube, sai na hango wani falankin katako a jingine bayan gwangwanaye, faɗinsa kamar ƙyauren taga, ƙura ta rufe shi. Na share da hannun riga. Kwari ne aka zana, kamar mutum na tsaye a bakin tudu yana kallon yamma. Ruwa ja ya cika gulbi ya malala cikin fadama. Kurmi ne baƙi ƙirin a gefensa, da tsamiya da kanya da ɓaure. Can tsakiya, tsakanin ruwan da gindin tudun, ga ganuwa ta kewaye wani gari, kawunan ɗakunan shuci da ƴan soraye na leƙowa. A gaba-gaba kuma wasu manyan itatuwa ne tsirara, babu ganye ko ɗaya.

Na ce, “Baba, wane gari ne wannan?”

Bai ɗago ba ya ce, “Kai ɗan ina ne?”

Na ce ɗan nan Maraɗi ne, a Bagalam aka yanke mini cibi.

Ya ce, “To ga Maraɗi nan a gabanka ba ka gane ta ba. Inda kake zaune tudu ne, gudun ruwa ya kai ku.”

Na ji kunya, don a lokacin na shekara uku ina gabatar da shirin tarihi kowane daren Alhamis a gidan rediyon da nake aiki. Don in rage kunyar sai na nemi kuskure, na nuna masa itatuwan nan marasa ganye, na ce ya aka yi damina ta kai haka amma waɗannan sun bushe? Dariya ya yi mini. Gawo ne. Shi kaɗai ne itacen da ke zubar da ganye in ruwa ya sauka, ya yi kore shar in rani ya tsaya. Kowane ɗan ƙauye ya san haka, ni da na yi karatun aikin jarida a Yamai na manta. Daga nan na kama bakina, na biya shi jikka goma sha biyar, na ɗaure falankin a bayan babur.

Tarihin da muke watsawa a rediyo yawanci jerin sarakuna ne. Wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya ci gari kaza, wane ya gaje shi, sai a sa kiɗan taushi a tafi talla. Ni ma haka nake yi. Tablon nan ne ya sa ni tambayar da ta kamata in yi tun farko: me ya sa mutane masu hankali za su bar tudu su gina birni a cikin kwarin da ruwa ke cika kowace shekara?

A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi. Gidan sarautar Haɓe ya watse, Sarki Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, waɗanda suka tsira suka nufi ƙasar Damagaram suka yi shekaru suna zaman baƙunta. Kwarin gulbi a lokacin ba kango ba ne. Yanki ne na arewacin ƙasar Katsina, da manomansa da mafarautansa, kuma kalmar Maraɗi sunan sarauta ce ta ƙasar Katsina kafin duniya ta san ta da sunan birni. Mutanen kwarin ne suka tayar wa wakilin sabbin masu mulkin Katsina, suka buɗe wa Ɗan Kasawa hanya, ya zo ya zauna wajen 1819. Shi ya sa har yau ake ce wa mai garin Sarkin Katsina, ko da yake Katsinar tana can ƙetaren iyaka.

Abin da ya riƙe su a kwarin shi ne abin da tsohon nan ya shafa wa baƙin fenti. Ƙarfin yaƙin wancan zamani doki ne, doki kuwa fili yake so. Kurmin gulbi, da gumbinsa da sarƙaƙiyarsa, ba wurin sukuwa ba ne. Ɗan baka ɗaya da ya san hanyoyin ciki ya ishi mahaya goma. Ga ruwa kusa, in ka tona rairayin gulbi ko da rani za ka same shi. Ga fadama da ake nomawa bayan ruwa ya janye. Wanda ya zo ya kewaye irin wannan wuri shi yunwa za ta fara kamawa. Ranar da suka fita fili kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1836, a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya murƙushe taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarki Rauda na Maraɗi da Sarkin Gobir Ali duk suka kwanta a nan. Da Gobirawan da suka rage suka tashi kafa sabon gari ƙarƙashin Mayaƙi, da taimakon Ɗan Mari na Maraɗi, ba su je ko'ina ba sai cikin wannan kwarin dai, ƴar tafiya kaɗan arewa da mu. Sunan garin ma ya faɗi komai: Tsibiri. Daga baya Ɗan Baskore ya shekara fiye da ashirin yana kai hari ƙasar Katsina da Zamfara yana dawowa ya shige kurminsa.

Ba ɓangare nake ɗauka ba, ina da dangi a Katsina da Jibiya kamar yadda nake da su a Tsibiri. Abin da nake faɗi shi ne makaɗa sun ba sarakuna da ƙauraye haƙƙinsu har da ƙari, amma rabin aikin tsare garin nan gulbi ne ya yi shi, kuma ban taɓa jin an ambace shi a jerin mayaƙa ba.

Kano ta fi mu sa'a ta wannan fanni. Wanda duk ya taɓa buɗe littafin tarihin ƙasar Hausa ya ga zanen nan na birnin Kano daga kan Dutsen Dala. Ya fito ne daga littafin Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, mai juzu'i biyar, da aka buga a 1857 da 1858. Barth ya ratsa ta kusa da mu a watan Janairun 1851. Ya sauka Tasawa, ya bi ta Gazawa, ya shiga Katsina, ya wuce Kano. Bai tako Maraɗi ba. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg ne ya rabu da shi ya zo Maraɗi da Gobir, shi kuma ya mutu kusa da Tafkin Chadi a 1852 bai kai ga rubuta littafi ba. Da haka muka rasa namu zanen. Amma akwai wani abu game da zanen Dala da ya sa na daina raina tsohon mai alluna. Barth zayyana ce kawai ya yi a littafinsa na tafiya. Wanda ya mai da ita hoto mai launi wani mai zane ne a Jamus, Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ke nan hoton da malaman jami'a ke kafa hujja da shi, hannun wanda bai gani ba ne ya ƙarasa shi, bisa shaidar wanda ya gani.

Haka tsohona ya yi. An haife shi ne bayan an tashi daga tsohon gari. Ya ce mahaifiyarsa ce ta riƙa nuna masa in sun gangara gona: nan ganuwa ta bi, nan fada take, nan marina. Shi kuma ya san kwancin ƙasar da tafin ƙafarsa. Sai ya haɗa bakinta da idonsa.

Zuwan Nasara ya kashe amfanin kurmin. Ingila da Faransa suka ja layi, suka sake ja, har yarjejeniyar 1906 ta bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila, ayarin Kyaftin Tilho ya bi yana kafa alamun iyaka. Layin ya yanka gulbin sau biyu: ya taso daga ƙasar Katsina ya shigo mana ta wajen Madarumfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, ya karkata yamma ta Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Hari ya ƙare, gyaɗa ta zo, kantunan Turawa suka kafu. Ganuwa ta zama tarin ƙasa. Abu ɗaya da bai canza ba shi ne garin na nan a hanyar ruwa.

A daminar 1945 gulbi ya zo da ƙarfin da bai saba ba, ya shiga gari ya narkar da gidajen ƙasa. Hukumar Faransa ta yanke cewa ba za a sake gini a wurin ba. Aka auna fili a kan tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, aka raba wa mutane. Unguwannin suka hau tudu da sunayensu: Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi. Yau yaro na iya girma a Ɗan Gulbi yana ganin suna ne kawai.

Kakata ta wajen uwa tana ƴar shekara goma aka yi wannan ruwa. Ita na fara kai wa tablon. Idonta ya riga ya yi rauni, sai da na fitar da shi tsakar gida da hantsi na kara mata kusa da fuska. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ɗora yatsa a gefen ganuwar ta kudu ta ce, “Maigidana, nan ne gidanmu. Amma wanda ya yi wannan bai taɓa ɗaukar tulu ba. Ya nisanta mu da ruwa. Da nisan ya kai haka ai da wuyana ya karye tun ina yarinya.”

Ranar ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba, duk da shekarun da na yi ina cin tuwonta. Ta ce abin da ta fi tunawa ba ruwan ba ne, ƙarar faɗuwar katanga ce cikin dare, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana sauke buhuna. Ta ce an ɗora mata ƙanenta a baya, an ba ta igiyar akuya, aka ce ta bi mutane ta hau tudu kada ta waiwaya. Sun yi kwanaki a ƙarƙashin zana. Sabon garin kuma ba ta so shi ba sai da ta yi aure, wai titunan kumandan sun miƙe da yawa, iska na bi ta ciki kamar gidan ubanta, kuma babu lungun da yarinya mai talla za ta laɓe ta huta.

Sai ta sake duban falankin ta ce, “To ina mutanen?”

Ban lura ba sai da ta faɗa. Babu mutum ko ɗaya a tablon. Babu mai ɗibar ruwa, babu masunci, babu ko jar akuyar da aka san Maraɗi da ita. Na koma na tambayi tsohon. Ya ce da ƙuruciya ya zana zakoki da dawaki a jikin manyan motoci ba adadi, amma da girma ya zo malaminsa ya ba shi shawara ya tsaya ga itace da ruwa da dutse, abin da ba shi da rai, don malamai ba su yi saɓani a kansa kamar yadda suka yi a kan mai rai ba. Ya karɓa, kuma ban ga laifinsa ba. Da na mayar wa kakata wannan amsa sai ta ce to shi ke nan, ya zana garin ne washegarin tashi.

Makon da ya biyo na shiga da tablon situdiyo. Mai kula da na'ura ya dube ni kamar na taɓu, don rediyo ba ta nuna hoto. Na jingine shi gaban makirfo na yi minti goma ina faɗa wa masu sauraro abin da ke ciki, daga dama zuwa hagu, sannan na buɗe layi. Ban taɓa samun kira irin na wannan dare ba. Wani dattijo daga Tsibiri ya ce kurmin da na kwatanta ya yi kaɗan, a zamanin ubansa da rana tsaka sai ka shiga duhu. Wata tsohuwa ta sa jikanta ya kira don a gaya mini an manta karofin marina. Wani masunci daga Madarumfa ya ce in mai zanen na da sauran fenti ya zo ya yi tafkinsu, da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, tun da har an sa wurin cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006 amma ko a bangon makarantar garin babu hotonsa.

Kiran da ya tsaya mini a rai na wani saurayi ne mai ɗibar rairayi da amalanke. Ya ce, “Malam, ku daina yi wa mutane tatsuniya. Ni kullum a cikin gulbin nake wuni. Rairayi ne. Ruwa na zuwa ya wuce kamar baƙon da ba ya son a ba shi abinci.”

Shi ma gaskiyarsa ya faɗa. A ƙarshen shekarun 1980 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a kan kogin Gada, wato kan gulbinmu ta ɓangaren Najeriya. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Takarda na nan, amma manoman fadama za su gaya maka malalar da ke kwanciya ta bar musu laka ba ta zama kamar da. Ba madatsar kaɗai ba ce. Fari na shekarun 1970 da yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, sun sa gatari ya shiga kurmi, garin kuma ya yi ta kumbura yana neman itacen girki da gona. Yau abin da ke kwarin lambuna ne, mangwaro da zogale da tumatir da tattasai, da ƙugin injin ban ruwa da ke jawo abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gawo kam ya dawo gonakin tudu, tun da manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma, aikin da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar nan a 1983. Amma gumbin da ya tare dawakin Sakkwato ba ya cikin abin da ya dawo.

Saboda haka a dare ɗaya mutum uku suka ba ni gulbi uku, na dattijon Tsibiri, na kakata, da na mai amalanke, kowa kuma na rantsuwa nasa ne na gaskiya. A nan na gane cewa mai zana wuri ba wurin kaɗai yake zaɓa ba, har da shekara da wata. Tsohona ya zaɓi watan Agusta na wata shekara kafin 1945. Da ya zaɓi watan Maris na bana, da farin fenti zai ƙarar. Na fi son a samu duka biyun a rataye kusa da juna, a makarantu musamman, don yaron da aka ce masa kakanninsa sun ɓuya a kurmi, ya leƙa ya ga rairayi da lambun tumatir, ba zai yarda da malamin tarihi ba, kuma yana da hujja.

Kakata ta rasu bara waccan, Allah Ya jiƙanta. Na yi sa'a na ɗauki muryarta sau biyu a salula kafin nan. Wanda aka haifa a shekarar ruwan yanzu ya kai tamanin, waɗanda suka yi wayo a tsohon gari kuwa sai an bincika unguwa-unguwa. Na fara bin su da rakoda ranar Lahadi, ina tafe da hoton tablon a waya, don na lura tambaya ba ta buɗe bakin tsoho kamar yadda kuskuren wani ke buɗe shi. Ka ce ya ba ka labarin tsohon gari, sai ya ce ya manta. Ka nuna masa an sa kuka inda ba ta, sai ya gyara zama.

Bayan sallar layya na koma rumfar tsohon da sabon falanki, na roƙe shi ya yi mini na biyu, daga wurin da ya tsaya ya yi na farko, amma gulbin yau. Na tarar yana ta fara rufe masa ido ɗaya, yawancin aikin rumfar kuma ya koma hannun ɗansa, wanda ke buga alluna da kwamfuta. Ɗan ya ce in ɗauko hoto da waya ya buga mini a leda cikin awa ɗaya, jikka uku. Tsohon ya yi kamar bai ji ba. Ya shafa falankin, ya ce katakon ba laifi. Sannan ya ce in zo in ɗauke shi a babur mu gangara da sassafe ya gani da idon da ya rage, kuma in taho da farin fenti gwangwani biyu, don wanda ke rumfar ba zai isa ba.